Tsakanin Bari da Toshe

Ranar wata Talata aka sa wa wayata wakili. Na fita sayen daddawa da ɗan tattasai, na dawo gida da ma'aikaci a aljihu.

A bakin kasuwar Mafara aka kafa rumfa, aka ɗaura ƙyalle mai hotunan manya, lasifika tana ta kiran manoman Bakolori su zo a shigar da su zamani. Ni tun da na ajiye alli na bar koyarwa ina da ɗan fegi a can, ina dasa albasa, tana yi idan ta ga dama. Tsayawa kallo kawai na yi. Kafin in ankara sai ga Imrana, wanda na koya wa rubutu yana jan majina, yanzu kuwa jami'i ne mai rataye da kati a wuya. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi gida, ya tambayi gona, ya tambayi ƙafar da ke damuna, ya miƙe da wayata a hannunsa.

"Malam, ai kai ya kamata a fara sa wa."

"A sa mini me?"

"Wakili, Malam. Ƙirƙirarriyar basira ce. A cikin burauza yake zama, wato ƙofar da kake bi ka shiga intanet. Kai dai ka faɗa masa buƙatarka. Shi zai buɗe shafuka, ya duba maka farashin taki, ya kama maka ranar ban ruwa, har saƙo yana amsawa. Ba sai ka bi layi ba."

"Nawa ne albashinsa?"

"Ba ya cin albashi, Malam."

"Ashe ba a ofishinku aka haife shi ba."

Ya yi dariyar da ake yi wa tsoho, ya latsa abin da zai latsa, ya miƙo mini da hannu biyu.

Ina da suna a garin nan cewa ba na yabon komai, don haka ku shaida yau zan yi yabo. Wakilin nan ɗan mutunci ne. Na haura sittin, na ga ma'aikata iri-iri, daga mai auna gona zuwa mai karɓar harajin rumfa, ban taɓa ganin wanda yake neman izini kafin ya taɓa kayanka ba sai shi. In yana son ya leƙa ta kyamara, sai ya tambaya. In yana son ya saurara ta makirufo, ko ya san inda kake tsaye, ko ya shiga saƙonninka, sai wani ɗan akwati ya fito a fuskar wayar, ya faɗi abin da yake nema cikin ladabi, a ƙasa kuma ga madanni biyu ka zaɓi ɗaya. Na dama an rubuta masa Bari. Na hagu an rubuta masa Toshe.

A nan ne jama'ar Mafara da Bakura da Maradun suka shiga uku.

Wanda ya fassara abin nan, Allah ya ƙara masa sanyin ofis, ƙamus ya buɗe. Ya ga kalmar Turancin da ke nufin ka ba da izini, ya ga an ce bari, kamar ka ce bari baƙo ya shigo. Bai yi ƙarya ba. Amma ina roƙonsa wata rana ya zo ya zauna a tsakar gida. Akuya ta sa baki a dawar da aka shanya, me ake ce mata? Jariri ya miƙa hannu zai kama garwashi, me uwarsa take cewa tun daga bakin murhu? Duk wanda ya tashi a ƙasar nan, in ya ga abu zai yi masa ɓarna, bari ce take fara fita daga bakinsa kafin ma ya yi tunani. Shi kuwa Toshe, ai babu mai hankalin da zai taɓa shi. Mutanen da suka taɓa wayar gari an toshe musu layi, suka yi sati suna shan rana a ƙofar shagon rajista, su za ka ce wa su danna toshe da hannunsu? Manomin rani kuma, toshe a wurinsa shi ne maƙwabci ya cusa buhun ƙasa a bakin magudana, shinkafarka ta kwana da ƙishi. Saboda haka gari guda ya duƙufa yana danna Bari don ya hana, wakili kuma yana ta godiya yana aiki.

Maƙwabcina Tasi'u mahauci shi ya fara ɗanɗanawa. Ya ce wa matarsa Zahra'u ya tafi Maradun duba wani bijimi, alhali yana bayan tasha wurin mai shayi ana buga dara. Ta aiko saƙo tana tambayar ko ya isa lafiya. Wakili ya fito da akwatinsa yana neman izinin aika mata wurin da maigidan yake. Da yamma sai ga Tasi'u a ƙofar zaurena, hula a karkace.

"Malam, wagga waya munahuka ta! Wallahi na ce mata bari. Bari, bari, har ɗan yatsana yay yi zahi!"

"To ai ta ji maganarka."

"Ta ji mi? Ta kwashe ni ta kai ma Zahra'u har da taswira! Har bencin da nike zaune bisa! Ka san abin da tac ce? Wai in gaishe da bijimin, in ce mai shi rage shan madara."

"Abincin dare fa?"

"Tac ce in ci Maradun."

Na yi dariya har da tari, na yi masa bayanin kalmar, ya saurara baki buɗe. Da na gama ya ce, "Tau in ina son ta bari sai in ce mata mi?" Ni ma ban sani ba, kuma ni tawa matsalar ta fi ta tuwon dare.

Matata Ummukulsum, Allah ya jiƙanta, bara waccan ta rasu. Ba ta son rubutu a waya, ta ce madannan an yi su ne don yatsun 'yan tsaki. Saƙon murya take aikowa. Ina gona ko ina majalisa sai in ji wayar ta yi ƙara. Kada ku ɗauka wasu kalamai ne na fim. "Malam, ka biyo da gishiri." "Malam, ka bar makulli cikin aljihun rigar da nis sa ruwa." "Malam, ɗiyarka ta kira, ka kira ta, kada ka ce ba ni hwaɗa maka ba." Irin waɗannan ne, sun taru da yawa, ban goge ko ɗaya ba. Bayan la'asar nakan ɗauki ɗaya in saurara, in ji an aike ni, in ji daɗi. Wayar kuwa tsohuwa ce, cikinta ya cika. Wakili da yake ma'aikaci ne mai himma, kwana kaɗan da zuwansa ya gano haka, ya fito da akwatinsa: yana neman izinin share tsofaffin saƙonnin murya domin samar da wuri. Bari ko Toshe.

Na san Bari ba tawa ba ce. Amma in na danna Toshe, me za a toshe? Wakilin, ko saƙonnin, ko layin gaba ɗaya? Na tambayi wakilin da kansa. Ya ce ba shi da tabbaci, ba ya son ya faɗa mini abin da bai sani ba, in duba littafin Jagorar Izini da masu aikin suka buga, ni kuwa ba ni da shi. Kun ji wani abin mamakin kuma, ma'aikacin da ya ce bai sani ba. 'Yata Surayya da ke aure a nesa ta ce in haƙura, in ta zo da Sallah za ta kwashe su ta adana a wani wuri. Sai na koma dabarar da nake yi wa sufeto a zamanin koyarwa. Duk sanda akwatin ya fito, in kife wayar a tabarma, in yi kamar ba na nan, har ya gaji ya tafi. Washegari ya dawo, ya yi sallama, ya sake tambaya.

Muna cikin wannan zaman doya da manja da wakili sai Imrana ya zo har gida. Wai waɗanda suka ba da tallafin aikin sun ce ba za su ƙara ba sai an kafa kwamiti ya auna ingancin littafin Jagorar Izini, ya rubuta rahoto. Akwai manya a kwamitin, akwai masana, saura wakilin jama'a, kuma an fi son mai furfura da tabarau saboda hoto. Na ce za a ba ni littafin? Ya ce har na riƙe. Na ce na karɓa. Haka na zama ƙwararre, ban ko canza riga ba.

Na karanta littafin daga bango zuwa bango, wanda daga baya na gane ni kaɗai na yi wannan ganganci. Masha Allah, aiki ya yi kyau. Takardarsa tana ƙyalli, in ka riƙe shi a rana sai ka kare ido. Kusan sulusinsa gabatarwa ce. Akwai gabatarwar babba, akwai gabatarwar mai bi masa, akwai ta wanda ya gabatar da su biyun, kowanne da hotonsa yana riƙe da alƙalami yana kallon nesa, kamar ya hango taki tafe. Bayan nan sai babin ma'anar kalmomi, inda aka yi mana bayani dalla-dalla cewa waya wata na'ura ce da ake kira da ita. Allah ya saka da alheri, da ma mun daɗe muna tunanin ta firfita ce. Na bi jerin kalmomin da yatsa ina neman Bari, babu. Na nemi Toshe, aka ce duba babin Tsaro. Na je babin Tsaro, aka ce don ƙarin bayani duba ma'anar kalmomi. Na yi ta kai da komo tsakaninsu kamar mai neman fansho.

Hotunan da aka sa don misali na wata waya ce da ban taɓa gani ba, rubutun cikinsu kuma duk Turanci ne, kibiya ja tana nuna madannin da babu shi a tamu. Babu inda aka ce izinin da ka bayar na yau ne kaɗai ko na har abada. Babu inda aka ce in ka bayar cikin kuskure ga yadda za ka karɓe abinka. Abin da aka share, yana zuwa wani wuri ne ya jira, ko ya tafi ke nan? Shiru. Amma akwai shafi guda cur da aka ware don gargaɗin kada a sa littafin a ruwa.

Na shirya maganata, gajeriya ce ƙwarai. Tambaya ɗaya, shawara ɗaya. Me Toshe yake toshewa, sannan a cire Bari a sa Na yarda, a cire Toshe a sa Ban yarda ba. Ko jikata da ke aji biyu ta san bambancin waɗannan.

An tsara kwamitin zai zauna sau uku, Mafara da Bakura da Maradun, don a ji ra'ayin kowane yanki, kuma don kada wani gari ya ce an hana shi dafa shinkafa. A zaman Mafara Mai Girma Sarkin Buɗe Taro ya iso bayan azahar, taron da aka kira da hantsi. Muka miƙe. Aka yi addu'a. Garkuwan Jawabi ya tashi ya gabatar da manyan baƙi, ya manta da ɗaya, wanda aka manta ya ɓata rai, aka sake daga farko. Wazirin Ƙarin Bayani ya ƙara bayani a kan abin da ba a riga an faɗa ba. Na ɗaga hannu. Sarkin Buɗe Taro ya hango ni, ya yi murmushi, ya ɗaga mini nasa hannun, ya ɗauka gaisuwa ce. Sai Ma'ajin Abincin Rana ya raɗa masa wani abu a kunne, aka ɗage zama. Ban san wanda ya soya kajin nan ba, amma shi kam ya karanta jagorarsa.

Ranar Bakura mu ƙananan ƙwararru aka zuba mu a bas. Bas ta tsaya layin mai tun daga bakin gari, muna zaune muna gumi motocin manya suka wuce mu ɗaya bayan ɗaya, gilashi a rufe, kada zamani ya shiga musu da ƙura. Da muka isa mun tarar an yi nisa a muhawara mai zafi, har na ji daɗi, na ce yau za a taɓa littafi. Ashe hoton wani ne ya fi na wani girma da kamar faɗin farce. Aka kawo abin awo. Aka auna a gabanmu, aka tabbatar. Wani masani da aka ɗauko daga birni ya ɗaga littafin a tafin hannu, ya jinjina nauyinsa, ya shinshina takardar, ya ce a gaskiya ya yi yawo ƙasashe bai ga jagora mai wannan inganci ba. Na sake ɗaga hannu, wannan karon har da tsayuwa.

"Ranka ya daɗe, akwai wata kalma a madannin dama..."

"Malam, ai nan ne amfaninka," in ji Wazirin Ƙarin Bayani. "Kalmomi sai ku. Amma yau ranar bango ce da hotuna. Abin da ke ciki sai Maradun."

Na zauna. A hanyar dawowa na kama Imrana a gefe na yi masa tambayata. Ya sosa ƙeya ya ce shi ma a tasa wayar da Turanci yake amfani, bai taɓa lura da na Hausar ba, amma zai tambayo. Ya tambayi wa? Ya ce wanda ya fassara. Ina yake? An ƙara masa girma, an mayar da shi sashen kiwon kifi.

Tasi'u ya tare ni a ƙofar gida. "Malam, an gyara?"

"An auna hoto."

"Ni dai yanzu in za ni dara, gida nika barin ta. Zahra'u na ganin taswira ta ce ina ɗaka, ni ko ina tasha." Ya kashe ido. Kun ga aƙalla mutum ɗaya ya ci moriyar zamani.

Maradun aka cika. An gayyato manoma daga Tsibiri da ƙauyukan kewaye, aka zaunar da su a baya inda ko da wuta fanka ba ta kaiwa. An ce yau za a gwada wakili a gaban jama'a, a ga yadda littafi ya sauƙaƙa komai. Wayar ofis da Imrana ya zo da ita ba caji, janareta kuma ba mai, domin man an zuba wa motocin da suka zo duba janaretan. Aka dubi manya. Manya suka dubi silin. Wayar babban mutum ba a buɗe ta a gaban jama'a, kowa ya san wannan, akwai sirrin ƙasa a ciki. Sai Garkuwan Jawabi ya tuna akwai wakilin jama'a.

"Ina dattijon nan namu? Malam, kawo taka. Ai ta talaka ita ce shaida."

Na ce tsohuwa ce. Aka ce ita ake so. Na ce cikinta ya cika. Aka yi dariya, wani ya ce ai gara ita. Na dafe aljihu, amma ɗaki guda yana kallona, mai hoto ya riga ya saita, Imrana kuma ya zo ya durƙusa a gabana yana cewa Malam don Allah, kada a ce yankinmu ne ya ɓata taro. Shekara talatin da wani abu ina koya wa yara cewa in babba ya miƙo hannu ba a barinsa a miƙe. Na zaro ta na bayar.

Hannu zuwa hannu ta tafi har teburin manya. Sarkin Buɗe Taro ya gyara tabarau, ya riƙe ta nesa da fuska kamar mai duba ƙwai a rana. Imrana ya buɗe masa burauza. Wakili kuwa, ɗan halak, bai ga dalilin da zai fasa al'adarsa don an yi taro ba. Ya yi sallama ya fito da akwatinsa.

"Madalla," in ji Sarkin Buɗe Taro a makirufo mai batir. "Kun gani, da Hausa ma yake magana. Ku saurara. Wakili yana neman izinin share tsofaffin saƙonnin murya domin samar da wuri."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Kujerar roba ta faɗi a bayana. Ni da na karanta littafin, ni da na yi wa Tasi'u darasi a zaure, ni da na zo taron nan takanas saboda kalma ɗaya, na ga babban yatsa mai zobe yana saukowa kan wayata, sai bakin da uwata ta ba ni ya riga ilimina.

"Bari! Ranka shi daɗe, bari!"

Ya ɗago ya dube ni da fara'a. "Kun ji ƙwararre," in ji shi. "Ko duba littafi bai yi ba." Ya danna.

Aka yi tafi. Manoman Tsibiri ma suka tafa, don sun ga na gaba suna tafawa. Wayar ta yi ɗan juyi, wakili ya rubuto cewa an gama, an samu wuri mai yawa, ya gode da amincewata. Sarkin Buɗe Taro ya karanta wannan ma a makirufo. Wazirin Ƙarin Bayani ya umarci mai rubuta rahoto ya sa cewa wakilin jama'a da kansa, cikin zumuɗi har da faɗuwar kujera, ya tabbatar da cewa umarnin littafin a bayyane yake ga kowa. Littafi ya ci maki mafi girma. Aka rufe da addu'a, aka buɗe kuloli.

Imrana kaɗai ya gane, don ya ga fuskata. A bas ya karɓi wayar ya yi ta tone-tone, ya shiga nan ya fita can, ya kira wani abokinsa, ya tambayi wakilin. Wakili ya ce ya yi abin da aka ba shi izini ne, kuma ba shi da hanyar dawo da su, ya ba da haƙuri. Shi ne kaɗai a duk taron ya ba da haƙuri, sai Imrana da ya yi ta maimaita Malam ka yafe mini har muka shigo Mafara. Na ce masa ya daina, ba shi ya danna ba, ba shi ya ce bari ba. Na ce dai in ya ga mutumin kifi ya gaishe shi.

Kwana biyu ban fita majalisa ba. La'asar ta yi, na ɗauki wayar bisa sabo, na ajiye. Tana da sauri yanzu kam, ba ta tsayawa tunani. Babu abin da ya fi gidan da ba kowa saurin shara.

A rana ta uku da hantsi na ji sallama a ƙofar zaure. Lantana ce, ta gidan da ke jikin namu, ƙawar marigayiya tun suna amare, mai tuyar ƙuli-ƙuli. Tasi'u ya kai mata labari, da ƙari kamar yadda ya saba, wai har na suma.

"Malam, ina kwana, ya haƙuri? An ce manya sun cinye maka Ummu."

"Sun share dai, Lantana. Ci sai kaji."

Ta zauna a dakali ta kwance bakin zane ta fito da wayarta. Ita ma an sa mata wakili a rumfar nan. Sai dai wayar ta taɓa faɗawa kusa da kaskon tuya, gilashin ya tsage daga ƙasa, daidai inda madannan nan biyu suke fitowa. Ko ta danna ba ya jin ta. Wata da watanni wakilinta yana roƙo, ba a ce masa bari ba, ba a ce masa toshe ba. Ina ba kwamiti shawara a zagaye na gaba a raba wa jama'a guduma tare da littafin.

"Akwai guda da tat turo man," in ji ta. "Ɗaya ta rak. Amma ba ni son ka ji ta."

"Don me?"

"Zancen mata na. Kuma kai aka zance."

"Lantana, sa mini."

"Kada ka ce ba ni gaya maka ba."

Ta lalubo ta da gefen gilashin da ke aiki, ta ajiye wayar a kan dakali tsakaninmu. Aka ji ƙarar ludayi a tukunya, sai ga ta.

"Lantana, ki aiko a amshi turminki, na gama. Ke ni wanga mutum ya ishe ni yau. Tun da sahe shina zaune shina gardama da rediyo. Mai labarai bai kai aya ba, shi ya tare shi, wai ƙarya ta, wai ba haka aka hwaɗin kalmar ba. Nac ce mai, Malam, ba su jin ka. Yac ce ai shi ya sa ƙasar tal lalace. Ji shi, ji shi, Allah ki saurara."

Ta yi shiru ta kara wayar, sai ga wata murya can nesa, ta wani tsoho mai taurin kai, tana faɗa wa rediyo cewa ba a cewa haka a Hausa. Sai dariyarta, irin wadda take yi tana toshe baki da gefen mayafi don kada in ji. Saƙon ya ƙare a tsakiyar dariyar.

Lantana ta dube ni a tsorace, ko zan yi fushi. Na ce ta sake sa shi. Ta sake. Na ce ta turo mini, ta ce a'a wallahi, ba ta turawa wayar da ke da baƙo mai shara, in ina so in zo in ji a nan har Surayya ta iso. Haka muka yi. Yanzu bayan la'asar ina zuwa dakalin Lantana, in sayi ƙuli-ƙulin da ba ni da haƙoran cinsa, a sa mini matata ta yi gulmata.

An ce za a sake buga littafin, an gyara girman hoton nan. Madanni suna nan yadda suke. Ban yi baƙin ciki sosai da rashin samun makirufo a Maradun ba, ga shi na rubuta a nan, wanda zai ji ya ji. Wadda nake son in ba amsa ce ta yi ƙararta ta tafi ba a ji ta bakina ba, kuma ba a yanke wa mutum hukunci da shaidar ɓangare ɗaya. Ummu, rediyon ne yake farawa.